Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi: Tsarin Aikin Marubutan Talla

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi.

A babban taron bara kun ɗora wa kwamitin gudanarwa nauyi guda: ya fito da tsarin aikin da membobinmu masu rubutu a sassan talla za su iya ɗauka su kai wa shugabanninsu, su ce ga hanyar da ya kamata rubutu ya bi tun daga ranar da aka buƙace shi har ranar da zai fita. Kusan duk ƙarfinmu a kan wannan ya ƙare, shi ya sa za ku ga shi ne ya cinye rahoton.

Mun fara da sauraro. Zatonmu shi ne kukan zai kasance a kan yawan aiki ko ƙarancin lokacin rubutu. Sai muka roƙi wasu membobi su riƙa ajiye ranaku uku a kan kowane aiki: ranar da ya shigo, ranar da suka miƙa daftari, da ranar da aka wallafa. Abin da ya fito ya sauya mana tunani. A mafi yawan ayyukan da muka duba, zaman rubutun shi ne mataki mafi gajarta. Daftarin da aka gama a yini guda sai ya yi makonni a kwance yana jiran wani ya duba, ko kuma ya dawo da gyare-gyaren mutum huɗu waɗanda ba su jitu da juna ba. Manajan kaya ya ce a ƙara bayani, mai kula da shafukan sada zumunta ya ce a rage, lauya ya ce a cire jumlar da shugaban sashe ya fi so. A ƙarshe kuma marubuci ake cewa ya makara.

Takardar umarni

Daga nan muka gane cewa gyaran yana farawa ne kafin a rubuta kalma ko ɗaya. Mun tsara takardar umarni mai shafi guda, kuma mun dage kada ta wuce shafi guda, domin takardar da ta yi tsawo ba wanda zai cike ta. Tana tambayar wa zai karanta rubutun, da abu ɗaya da ake so ya yi bayan ya karanta: ya yi rajista, ya nemi ƙarin bayani, ko ya saya. Tana tambayar inda za a wallafa, domin saƙon imel da rubutun Facebook da dogon bayani a shafin kamfani ba hannu ɗaya ake yi musu ba. Akwai gurbin hujjoji, wato alƙaluma da ranaku da sharuɗɗan garaɓasa, tare da sunan wanda ya ba da su. Akwai gurbin abin da ba a so a faɗa. Sai wa'adi. Sai layi na ƙarshe, wanda shi ne ya fi jawo gardama: sunan mutum ɗaya tak da zai sa hannu a wallafa.

Shawarar farko da kwamiti ya kawo ita ce, in babu takarda babu rubutu. Membobi da dama suka ce wannan a baki ne kawai yake da daɗi. Wanda shugabansa ya turo masa saƙon murya ta WhatsApp da daddare yana cewa yana son abu gobe da safe ba zai iya amsa masa da cewa sai ya cike takarda ba. Gaskiyarsu. Muka sassauta: marubuci ya saurari saƙon, ya cike takardar da kansa, ya mayar wa mai aikin ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ga abin da na fahimta, haka ne?" Kalmar "eh" guda ta isa. Waɗanda suka gwada sun ce a wannan 'yar tambayar ce sau da yawa mai aikin yake tuna cewa ba abin da yake nufi ke nan ba, kuma gara ya tuna a lokacin da ya tuna bayan an rubuta kalma dubu.

Gyara da sa hannu

A nan ne muka fi daɗewa, kuma a ganina nan ne ribar shekarar take. Mun raba gyara gida-gida, domin cakuɗa su shi ke ɓata lokaci. Edita ya fara duba ginin rubutun: shin ya amsa abin da takardar umarni ta nema, shin abin da ya fi muhimmanci yana sama. Sai an gama da wannan ake shiga gyaran harshe. Babu amfanin a zauna ana gyara waƙafi a sakin layin da za a goge. Bayan haka a tantance hujjoji, kowane adadi da kowane suna a koma wurin wanda ya ba da shi. Daga ƙarshe wani wanda bai taɓa ganin rubutun ba ya karanta shi a inda zai fito, a waya in a waya za a karanta, domin idon da ya rubuta abu ba ya ganin kuskurensa.

Zagayen gyara biyu muka ƙayyade. Duk mai tsokaci ya rubuta shi a cikin takarda guda, kuma mai sa hannu ne zai daidaita saɓanin da ke tsakaninsu kafin su iso ga marubuci. Wannan ne ginshiƙin tsarin. Marubuci ba alƙali ba ne tsakanin lauya da manajan kaya. Yawancin membobi Google Docs suke amfani da shi, wanda yake ba da damar a ba da shawarar gyara ba tare da an goge asalin rubutun ba, yana kuma ajiye tarihin duk sauyin da aka yi. Microsoft Word ma yana da irin wannan. Da shi muka rabu da tsohuwar cutar nan ta fayil mai suna "na ƙarshe", da "na ƙarshe biyu", da "na ƙarshe na gaske", har a wayi gari an wallafa wanda ba shi ba.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Binciken ya nuna mu ma muna da namu. Akwai masu karɓar aiki ba su yi tambaya ba don kada a ce ba su gane ba, akwai masu yin shiru har ranar wa'adi sannan su ce ba su gama ba, akwai kuma masu ɗaukar kowane gyara kamar cin fuska. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mun sa a cikin tsarin cewa wanda ya ga ba zai cika wa'adi ba ya faɗa tun da sauran yini guda aƙalla, kuma wanda bai yarda da gyara ba ya rubuta dalilinsa a gefen takarda maimakon ya share tsokacin.

Allon aiki

Domin kowa ya ga inda aiki ya tsaya, mun ba da shawarar allon aiki irin na kanban. Asalin dabarar daga masana'antar motoci ta Toyota ce a Japan, inda injiniya Taiichi Ohno ya bunƙasa ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma zuciyarta ita ce kada a tara aikin da ba a gama ba. Kowane rubutu kati ne, yana tafiya daga gurbin "an buƙata" zuwa "ana rubutawa", zuwa "yana wurin edita", zuwa "yana jiran sa hannu", zuwa "an wallafa". Wasu manhajar Trello suke amfani da ita, wasu Asana, wasu kuma jadawalin Google Sheets ya ishe su. Ba mu fifita ko ɗaya ba. Abin da muka nace a kai shi ne kada marubuci ya riƙe kati fiye da uku a lokaci guda. Wata memba ta ba mu labarin cewa ranar da shugaban sashensu ya ga katunan da suka taru a gurbin jiran sa hannu, duk da sunansa a jiki, bai sake tambayar me ya sa rubutu ba ya fita ba.

Dokoki da ƙa'idojin da marubuci ba zai ce bai sani ba

Mun shirya zama na musamman a kan wannan, domin yawancin membobi suna ɗauka aikin lauya ne. Amma marubuci ne yake rubuta taken imel, shi ne yake rubuta jumlar neman izini. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, kuma tana iya shafar kamfanin da ke wajen Turai muddin yana tallata kaya ga mutanen da ke can. A Amurka dokar CAN-SPAM ta 2003 ta hana taken imel mai yaudara, ta wajabta sa adireshin mai aikawa, ta kuma ba da kwanakin aiki 10 a cire wanda ya ce a daina turo masa. Hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta sabunta ƙa'idojinta na tallar da ake biyan mutum ya yaba kaya a 2023, kuma abin da take nema shi ne a bayyana alaƙar a fili inda mai karatu zai gani. Tun Fabrairun 2024 kuma Gmail da Yahoo suka tsaurara wa masu aika imel da yawa. A wajen Gmail, mai tura saƙo 5,000 ko fiye a rana dole ya sa hanyar fita da dannawa ɗaya, kuma ƙorafin masu cewa saƙon shara ne kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. Duk waɗannan mun mayar da su 'yan tambayoyi a ƙasan takardar duba ƙarshe, wato jerin abubuwan da ake tabbatarwa kafin a wallafa rubutu.

A gefe guda mun ja hankalin membobi kada su yarda a auna aikinsu da yawan waɗanda suka buɗe imel kaɗai. Tun da Apple ya fito da tsarin kare sirrin wasiƙa a 2021, manhajarsa tana iya nuna an buɗe saƙo alhali mai shi bai duba ba. A duba yawan masu danna mahaɗi da masu yin abin da aka nema.

Littafin salo, wato kundin ƙa'idojin rubutunmu, ya samu ƙari kaɗan. Mun tsaya a kan cewa haruffa masu ƙugiya su zauna daram a cikin rubutu, ko da yake masu bincike a intanet sukan buga kalma ba ƙugiya. A adireshin shafi ne kawai aka yarda a bar su. Ana yi wa mai karatu magana da "ku". Taken shafi kada ya wuce haruffa 60 da yawa, domin Google yakan datse abin da ya zarce. Kowane hoto a rubuta masa gajeren bayani saboda makafi masu amfani da manhajar karanta allo.

Ƙirƙirarriyar basira

Tun fitowar ChatGPT a Nuwambar 2022 ba a yi taron da wannan magana ba ta taso ba. Matsayar da kwamiti ya cimma ita ce ana iya amfani da irin waɗannan manhajoji wajen tsara ƙashin rubutu ko neman zaɓin take, amma duk suna da adadi da zancen da suka kawo sai an tantance, domin sukan ƙirƙiro abin da babu shi cikin murya mai tabbaci. Ba a zuba musu sirrin kamfani ko bayanan abokan ciniki. Edita kuma dole ya san an yi amfani da su. Ga shugabannin da ke matsa wa membobi su riƙa fitar da shafuka barkatai, mun tanadi amsa: a Maris 2024 Google ya sa yawan kwararo shafuka marasa amfani don hawa saman bincike cikin abubuwan da yake hukuntawa, ko mutum ne ya rubuta ko na'ura.

Abin da bai yiwu ba

Shirin haɗa sababbin marubuta da tsofaffin hannu ya fara da zafi ya mutu a tsakiyar shekara, kuma laifin kwamiti ne, don ba mu sa wanda zai bibiya ba. Haka ma shawarar duba tsofaffin rubuce-rubuce duk bayan wata uku don sabunta farashi da ranakun da suka wuce: kowa ya yarda da ita, kaɗan ne suka yi. Masu aikin kwangila sun koka cewa tsarin ya fi dacewa da ma'aikacin da ke cikin ofis, domin su ba su da ikon tilasta wa mai aiki ya tsaya a zagaye biyu. Suna da gaskiya. Bayanin kuɗi kuwa ma'aji zai gabatar da shi daban.

Abubuwa biyu muka bar wa babban taro ya yanke. Na farko, ko ƙungiya za ta ba da shawarar a riƙa biyan wani kaso na lada idan aka soke aiki bayan an miƙa daftari, da kuma ƙarin lada daga zagayen gyara na uku. Na biyu, ko wajibi ne a sanar da mai aiki, ba edita kaɗai ba, idan an yi amfani da ƙirƙirarriyar basira. A kan wannan kwamitin kansa ya rabu biyu. An tura wa kowa takardar umarnin da takardar duba ƙarshe ta imel. Wanda ya gwada su a wurin aikinsa, muna roƙo ya zo da kwafi guda da ya cike, ko da wanda bai yi aiki ba ne.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa