Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ɗan majalisarmu a Alausa, inda majalisar dokokin jihar Legas take

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Honarabul. Da Hausa na rubuto maka don ina so 'yan uwana na Agege da Mile 12 da Idi-Araba su karanta su ma, na kuma san ba za ka rasa mai fassara maka ba a cikin mutanenka.

Kukana ɗaya ne. Duk dokar da aka yi a jihar nan mu sai ta iso mu da motar kame kafin ta iso mu da bayani, kuma wallahi wannan abun yana ci min rai saboda mu ma 'yan Legas ne, a nan muke biyan haya da kuɗin tikiti a kasuwa, da yawanmu ma a nan aka haife mu.

Ɗauki maganar muhalli. A Janairun 2024 aka hana farar robar nan ta zuba abinci da muke ce wa tekawe, a Yulin 2025 kuma aka fara aiwatar da hana robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Ni ina goyon baya ɗari bisa ɗari, duk wanda ya taɓa leƙa kwata bayan ruwan sama ya san abun da ke toshe ta har ruwa ya shigo mana ɗaki. To amma mai tuwo da mai shayi da mai tsire, wa ya zauna da su ya ce ga abun da za ku koma amfani da shi, ga farashinsa, ga inda za ku samu? Na san ma'aikatar muhalli ce ta fitar da umarnin, amma ku ne kuke amincewa da kasafin kuɗinta, ku ne doka ta ba ikon kiran kwamishina ya zo ya yi bayani.

Haka da aka rufe abatuwar Oko-Oba a Yunin 2025 kan rashin tsafta. Babu mahaucin kirki da zai ce jini da kashin shanu su dinga malala cikin unguwa, addininmu ma bai yarda ba. Sai dai kwana ɗaya idan aka rufe wajen, mahauta da masu dako da masu fiɗa da masu sayar musu da abinci duk sun kwana ba ko sisi. A sa kuɗin gyaran magudana da ruwan famfo da wajen zubar da ƙazanta a kasafi, a bi a ga an yi, sannan wanda ya karya doka a hukunta shi shi kaɗai. Su kuma 'yan bola jari da masu tura baro, tunda dai su ne suke shiga lungunan da motar kwasar shara ba ta iya shiga, me zai hana LAWMA, hukumar kwashe shara ta jiha, ta yi musu rajista ta ba su katin shaida da wajen kai kaya, maimakon kullum gudu da kamu.

Lafiya kuwa a nan ne zuciyata ta fi zafi. Kwalarar da ta ɓarke a Yunin 2024 ta ci rayuka, kuma ciwo ne na gurɓataccen ruwa da rashin bandaki, wato shi da maganar kwata duk tafiyarsu ɗaya. Akwai inshorar lafiya ta jiha, Ilera Eko, dokarta tun 2015 take, a 2024 gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu ta zama dole. Shiri ne mai kyau, amma ka zagaya zango ka tambayi mutum goma ka ji nawa ne suka san sunansa ma. Mutumin da yake samun na yau ya ci yau, ka ce ya kawo kuɗin shekara a dunƙule, ai ka kore shi ke nan. A bari ya dinga zubawa kaɗan-kaɗan kamar adashi, ta hannun ƙungiyar kasuwarsu, a kawo teburin rajista ƙofar masallaci ranar Juma'a. Sannan dan Allah a sa ko mace ɗaya mai jin Hausa a kowane ƙaramin asibiti na unguwanninmu, matanmu da yawa suna fasa zuwa awo ne don ba za su iya faɗin abun da ke damunsu ba, sai lamari ya ɓaci a kwaso su da daddare.

Zaɓe kuma, na san na shugaban ƙasa da gwamna a hannun INEC yake. Amma LASIEC, hukumar zaɓe ta jiha, dokarku ce ta kafa ta, ita ta yi zaɓen ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37 ranar 12 ga Yulin 2025, kuma kowa ya ga yadda mutane ba su fito ba. Ku gyara dokar ta yadda dole a liƙa sakamako a kowace rumfa kafin a tashi, a kuma hukunta duk ɗan daban da ya tsaya yana tambayar mutum asalinsa kafin ya bar shi ya shiga layi. Mu namu aikin shi ne masu katin zaɓe na Kano ko Sakkwato ko Katsina su dawo da shi nan inda suke zaune, muna kan faɗa wa juna.

Abun da nake roƙo yanzu, ka kira zaman jin ra'ayin jama'a a cikin mazaɓa, da yamma bayan an tashi kasuwa, da tafinta, a gayyaci sarakunan Hausawa da shugabannin mahauta da mata. Ka sa rana ka sanar, za mu cika wajen in sha Allahu.

Naka,
Wani mazaunin Agege