Zuwa Ga Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya: A Biya Tallafi a Tsakiyar Damina

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe.

Ni mai awon hatsi ne a Tudun Hatsi, nan cikin Gombe, kuma a bakin buhuna nake ganin yunwa tun kafin a faɗe ta a rediyo. Idan Agusta ya kama, matar da ta saba awon tiya biyu ta masara sai ta zo da kuɗin gwangwani uku ƙulle a bakin zane, tana bin hannuna da ido kada ƙwaya ɗaya ta faɗi ƙasa. Wallahi wani lokaci sai na kau da kai.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira 25,000 duk wata, har wata uku, ga gidaje miliyan 15. A jiharmu ma ga GO-CARES, shirin gwamnati na tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi. Mun gode, Allah ya saka. Kukana a kan lokacin biya ne.

Daga Yuli zuwa Satumba rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba, hatsi kuma ya yi tsadar da ba ya yi a sauran shekara. A nan ne magidanci yake cin bashin buhu ɗaya don ya biya biyu da kaka. Ko ya sayar da akuyar matarsa a wulaƙance. Ko ya tafi ƙwadago gonar wani saboda tuwon dare, ciyawa ta cinye tasa, ya shuka wa kansa yunwar baɗi. Kuɗin da zai shigo hannunsa a waɗannan watanni shi zai tsayar da shi a gonarsa. Idan sai Disamba ya zo, mai bashi ne zai karɓe.

Ranka ya daɗe, ka riƙe kwamishinan kuɗi, kuma kai ne shugaban gwamnonin Arewa. Ka sa tallafin jiha ya riƙa fita a tsakiyar damina, a sanar da ranar tun bazara, ka kuma kai wannan magana Abuja.

Sannan a tuna da tsohuwar da ke ƙauyukan Dukku ko Nafada, wadda ba ta da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN balle asusun banki. A aika masu rajista har ƙofar mai unguwarsu ran kasuwa, kafin ruwan farko ya sauka.

Naka,
Mai awon hatsi, Tudun Hatsi, Gombe.