Argungu: Baƙo Ya Zo Kallon Kifi, Me Zai Sa Ya Kwana?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da Ƙaramar Hukumar Argungu kan batun yawon buɗe ido, wanda ake ta kira da a mayar da shi hanyar samun kuɗin shiga.

Abin da za a sayar dai akwai shi. Tun 1934 ake bikin kamun kifi, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya. Amma bikin na kwana huɗu ne, babbar gasar kuma ba ta wuce awa guda. Da an harba bindiga masunta su ruga cikin kogin Matan Fada da homa da gora, a auna giwan ruwa, a raba kyauta, sai manyan baƙi su faɗa motoci su nufi Birnin Kebbi ko Sakkwato. Can za su ci abincin dare, can za su kwana. Argungu kuwa a bar ta da ƙura da ledoji. Ga shi an taɓa kwashe kusan shekara goma ba a yi bikin ba har sai 2020, kuma wanda ya gina masauki don bikin kaɗai ya ɗanɗana kuɗarsa.

Shi bikin yana hannun gwamnatin jiha da masarauta, don haka kada ƙaramar hukuma ta ɓata lokaci tana neman kujera a rumfar manya. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya riga ya ba ta nata aikin: kasuwanni, tashoshin mota, banɗakunan jama'a, kwashe shara, lasisin kwale-kwale, sa ido kan gidajen abinci, da sa wa tituna suna. Duk abin da baƙo ke cin karo da shi daga saukarsa mota har tafiyarsa yana cikin wannan jerin. Tunda Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, uzurin "jiha ta riƙe" ya fara ƙarewa.

A fara da banɗaki, ko da kuwa ba ya jan hoton jarida. A wurin taro irin wannan a lissafa aƙalla ɗaya ga mutum 50, na mata daban, da tanki a sama da wurin alwala. Kuskuren da aka saba shi ne a gina, a yanke kyalle, a damƙa makulli ga wanda ba ya da albashi. Wata uku famfo ya tafi, ƙofa ta bi shi. A ba mutum ɗaya kwangila, ya karɓi ɗan kuɗi da tikiti mai lamba, a rubuta cewa ran da aka sami banɗakin ba ruwa, kwangila ta mutu. Kuma kada a haƙa masai a bakin fadama, domin ruwa na kusa da ƙasa, damina ɗaya za ta kai ƙazantar cikin kogi.

Sai kwale-kwale, wanda a ganina nan ne kuɗin yake. Baƙo zai biya a zagaya da shi kogi a kowane wata, ya ga yadda ake jefa birgi, a shirya masa kabanci kaɗan, wato wasannin ruwa na Kabawa, in ƙungiya ce ta zo. A yi wa kowane jirgi rajista tare da Sarkin Ruwa, a rubuta lamba da yawan mutanen da zai ɗauka da fenti a jikinsa, a tanadi rigar ceto daidai da wannan adadin, a hana tashi bayan magariba. Lodin wuce kima da tafiyar dare su ne ke kifar da jirage a kogunanmu, kuma haɗari ɗaya da baƙi a ciki ya isa ya rufe harkar shekaru.

Gidan tarihi na Kanta yana nan tsakiyar gari, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, sarakuna suka zauna cikinta har 1942, ga makamai da kaburburan sarakunan Kabi. Wannan ba ya jiran biki. Abin da yake buƙata shi ne allunan nuna hanya daga tasha, da matasa kamar goma da aka horar su yi bayani da Hausa da Turanci, har da Faransanci saboda maƙwabtanmu na Dosso da Gaya a Jamhuriyar Nijar. A haɗa ziyarar yini guda: gidan tarihi da safe, kogi da hantsi, abincin rana shinkafar gida da kifi, a sayar wa makarantu da jami'o'in Kebbi da Sakkwato a kan farashi ɗaya. Masu bandar kifi kuma a ware musu rumfuna masu tsabta kusa da tasha, da sikeli, domin tsaraba ita ce kuɗin ƙarshe da baƙo ke ajiyewa.

Abu biyu sun fi ƙarfin ƙaramar hukuma, amma bakinta na iya kaiwa. Na farko ruwa: noman rani da injinan ban ruwa na janye kogin a daidai lokacin bikin, don haka sai an zauna da manoman shinkafa da masu kula da madatsun Goronyo da Bakolori tun kaka. Na biyu rana. In ba a sanar da ranar biki aƙalla wata shida kafin lokaci ba, babu kamfanin yawon buɗe ido da zai sayar da tikiti, kuma mai masauki ba zai ranci kuɗin fenti ba.

A ƙarshe a buɗe littafi a gidan tarihi da bakin kogi, a rubuta kowane baƙo, daga ina ya fito, ya kwana ko bai kwana ba. Kansiloli su nemi ganin wannan littafin duk wata uku.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Argungu, Jihar Kebbi