Sanarwa: zaman makokin Iya da sadakar da za mu yi mata

Assalamu alaikum ƴan'uwa, iyaye da ƙanne.

Kamar yadda wasu suka ji, Allah Ya yi wa Iya rasuwa daren Talata. An yi mata salla a Haramin Makka bayan Asuba, aka kai ta maƙabartar Shara'i.

Ga yaranmu da suka tashi suka tarar da ita da sanda: Iya tana ƴar budurwa ta baro ƙasar Kano ta hanyar ƙasa, ta ratsa Chadi da Sudan, ta tsallako Bahar Maliya zuwa Jidda, daga nan ta zauna a Makka. Ita ke yi wa matanmu wankan gawa ba ta karɓar ko riyal ɗaya. Ita ke raka alhazan da ba su jin Larabci asibiti ta yi musu tafinta. Da yawanmu a tabarmarta muka koyi Fatiha, da ɗan bulala kam, Allah Ya saka mata.

Za a zauna karɓar gaisuwa a gidanta da ke Shara Mansur har ranar Juma'a, tsakanin Magariba da Isha'i. Mata a ciki, maza a ƙofar gida. Mai kawo abinci ya fara sanar da babbar jikarta, kar a yi ta zubarwa.

Maganar sadaka kuma, kowa ya bayar da kansa ta manhajar Ihsan, wato manhajar sadaka ta gwamnatin Saudiyya, da niyyar ladan ya kai mata. Kar a tara kuɗi a hannun kowa, doka ta hana.

Allah Ya jiƙan Iya, Ya ba mu haƙuri.

Ƴar'uwarku, mai kula da rukuni