Alƙalamin Baba ya dawo rubutu

Kano, daren Alhamis

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya sanyin Ingila? Tun ƙaramar Sallah ban ji ɗuriyarka ba, kuma na san in na tsaya jiran Bazazzagi ya tuna da zumunci, sai furfura ta cika min kai. Labari ne ya cika min baki.

Dubi rubutun nan da kyau. Da alƙalamin Baba nake yi maka shi. Ƙwarai, Parker 51 ɗin nan mai murfin ƙarfe da yake soke wa a aljihun kaftani, wanda ya buge maka hannu a kansa a zaure. Bayan sadakar arba'in Hajiya ta fito da shi daga adaka ta miƙo min, ba ta ce komai ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ko ɗigo ba ya yi. Ashe wani cikin jikokin gidan ne ya ɗura masa tawadar allo. Ka san tamu gawayi ce da ƙaro. A kan allo da alƙalamin kara ba ta da na biyu, amma a nan ƙaron ya bushe ya toshe duk hanyar da tawada take bi. Kawu da ya gani cewa ya yi in jefar, in nemi Hero 616, tunda 'yan Sin sun kwaikwayi ƙirar sak kuma ba tsada. Wallahi maganar ta sosa min rai. Abin da Baba ya yi shekaru yana sa hannu a takardu da shi?

Sai na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a Sabon Gari. Mutumin nan ya burge ni. Yaronsa ya ɗauko filaya, ya daka masa tsawa. Ya ce abu biyu ke kashe irin wannan alƙalami, ƙarfi da ruwan zafi, don zafi yana lanƙwasa robar. Ya sa na je na jiƙa gaban alƙalamin a ruwa mai ɗan ɗumi, ina canzawa har ya daina fitar da baƙi. Sa'ar da muka ci ita ce ƙaro yana narkewa a ruwa. Da na mayar, ya ɗan ɗumama kwanson da ya rufe bakin har mannin ya saki, ya warware shi a hankali. A ciki akwai wani abu kamar matsefi mai haƙora sirara, shi ke riƙe tawada yana sakinta kaɗan-kaɗan. Duk gawayi ya daskare a tsakaninsu. Da tsohon buroshin haƙori ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana ba ni labarin zamanin da akawu ba ya fita ba alƙalami a aljihu.

Bakin na zinare ne, kuma ɓari ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya, shi ya sa yake kartar takarda. Ya maƙala gilashin nan nasu a ido, ya daidaita shi da farce kawai. Jakar tawadar kuwa lafiyarta ƙalau. Irin wannan alƙalamin ya fara fitowa a 1941, a 1948 kuma masu ƙera shi suka koma wannan jaka da ake matsawa, wadda ba ta ruɓewa kamar ta roba ta da. Har "Made in England" ke jikinsa, ka ga ɗan garinku ne yanzu.

Saura matsala ɗaya, kuma nan aikinka ya zo. Akwai wani siririn bututu na azurfa a cikin jakar da iska ke fita ta nan in ana ɗura tawada. Namu ya cinye ya huje, don haka ba ya shan tawada sosai, shafi kaɗan sai ya ƙafe. Masu sayar da kayan tsofaffin alƙaluma a can suna da madadinsa. Ka nemo min, ka haɗo da kwalbar tawadar Quink shuɗiya, don a nan duk kantin da na shiga biro ake miƙo min. Kar ka ce ka manta kamar zancen hular nan, Hajiya har yau tana tambaya.

Af, an sa ranar auta, bayan babbar Sallah. Gwaggo ta riga ta karɓe ragamar anko, kullum tana Kantin Kwari tana faɗa da tsadar atamfa, ta dawo ta sauke a kanmu. Angon ɗan Fagge ne, ƙanin wanda ya karya maka ƙafa a ƙwallo, kuma ya ce lallai kana cikin abokan ango ko kana so ko ba ka so. Ka fara neman hutu tun yanzu. Ka gaida madam, ka shafa min kan yara.

Naka har kullum.