Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Shigar da Sabon Laburare cikin Debian

Assalamu alaikum 'yan'uwa mambobi.

Babban aikin ƙungiya a bana shi ne shigar da wani ɗan laburare (tarin ayyukan da sauran manhajoji ke kira) na harshen shirya manhaja na C cikin rumbun manhajojin Debian, wato tsarin Linux da 'yan sa-kai ke haɗawa. Aikinsa gyara rubutun Hausa da aka buga da k', d' da b' ya mayar da su ƙ, ɗ da ɓ, abin da duk mai harkar buga littattafai a Kano ya san wahalarsa. Kwamitin fasaha ne ya shirya wannan rahoto. Bayanin kuɗi kuwa ma'aji zai karanta shi a babban taro.

Aikin ya fara da rahoton ITP, wato sanarwar cewa mun ɗauki nauyin ƙunshin, wato laburaren a shirye yadda za a iya girka shi a Debian, don kada wani ya maimaita. Bayan an rubuta fayilolin da ke cikin jakar debian, aka ɗora ƙunshin a mentors.debian.net, shafin da sababbin masu shirya ƙunshi ke ajiye aikinsu a duba, da sa hannun dijital na mabuɗin OpenPGP, sannan aka buɗe rahoton RFS na neman mai tsaya mana. Dalili shi ne sabon ƙunshi ba ya shiga rumbu sai da sa hannun cikakken ma'aikacin Debian, kuma har yanzu ba mu da irinsa a cikinmu. Wanda ya tsaya mana ba ɗora kaya kawai yake yi ba: yana sauke tushen manhajar da kansa daga wajen marubutan asali da manhajar uscan, ya kwatanta da namu, ya sake haɗa shi a tsabtataccen muhalli, domin sunansa ne a kai.

Inda aka fi daɗewa shi ne fayil ɗin debian/copyright. Laburaren yana ƙarƙashin lasisin MIT, wanda Debian ke rubutawa Expat, amma a cikinsa akwai jadawalin haruffa da aka ɗauko daga bayanan Unicode, kuma wannan yana da nasa lasisin dabam. Dole kowane fayil a faɗi mai haƙƙinsa, shekarunsa da cikakken nassin lasisinsa. Manhajar licensecheck tana taimakawa, amma abin da aka rubuta a jikin fayil kawai take karantawa. Fayil ɗin da ba a rubuta komai a kansa ba, sai mutum ya bi tarihinsa ko ya tambayi marubutan asali. A ganin kwamiti, duk wanda zai koyi wannan aiki ya fara daga nan, don masu tantancewa a layin NEW, inda sabon ƙunshi ke jira kafin a karɓe shi, a kan lasisi suka fi mayar da kaya.

Na biyu shi ne rabon ƙunshin. Laburare ba ya tafiya a dunƙule. Ƙunshi ɗaya yana ɗauke da fayil ɗin da manhajoji ke kira idan suna aiki, kuma sunansa yana ƙarewa da lambar SONAME, wato lambar da ke cikin sunan da manhajoji ke neman laburaren da shi: idan fayil ɗin ya ƙare da .so.0, sunan ƙunshin zai ƙare da 0. Ɗayan, mai ƙarewa da -dev, na masu rubuta manhaja ne, shi ke ɗauke da fayilolin .h, mahaɗar .so marar lamba da fayil ɗin .pc, kuma dole ya dogara da sigar ɗan'uwansa daidai wa daida. Amfanin wannan rabo yana fitowa ne ranar da marubutan asali suka sauya yadda ake kiran wani aiki a laburaren. Lambar za ta koma 1, tsoho da sabo su zauna a kwamfuta ɗaya, tsofaffin manhajoji ba su karye ba.

A nan wanda ya tsaya mana ya gano cewa laburaren yana fitar da ayyukansa na cikin gida waje, inda kowace manhaja za ta iya kama su. Hatsarin shi ne da zarar wani ya dogara da su, cire su ya zama karya alkawari. An aika wa marubutan asali gyara da ke ɓoye su ta hanyar -fvisibility=hidden, sannan aka rubuta fayil ɗin symbols, jerin ayyukan da laburaren ke fitarwa, wanda manhajar dpkg-gensymbols ke kwatantawa da abin da aka haɗa, ya tsayar da aikin idan wani abu ya ɓace.

Sauran ƙananan gyare-gyare ne. Wani gwaji yana neman sauko da fayil daga intanet, alhali ƙa'idar Debian ta hana taɓa intanet lokacin haɗa ƙunshi, sai aka sa fayil ɗin a cikin tushe. Gargaɗin lintian, manhajar da ke duba ko ƙunshi ya bi ƙa'idojin Debian, ma an share su.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Layin NEW yana buƙatar a ɗora haɗaɗɗen ƙunshi, amma Debian ba ta barin abin da aka haɗa a kwamfutar mutum ya wuce zuwa testing, reshen da ake shirya fitowar Debian ta gaba. Saboda haka bayan an karɓe shi, sai an sake ɗora tushe zalla, injinan Debian su haɗa da kansu. Daga nan jiran kwana 5 ne, ko kwana 2 idan gwajin autopkgtest, wanda ake yi wa ƙunshi bayan an girka shi, ya yi nasara.

Ƙunshinmu bai samu shiga Debian 13, wato trixie, da ta fito ran 9 ga Agusta 2025 ba, domin tun 15 ga Afrilu aka rufe ƙofar sababbin ƙunshi. Zai fito a forky, wato Debian 14. Masu amfani da trixie za a nema musu ta hanyar backports, rumbun da ke kawo sababbin ƙunshi ga sigar da ta riga ta fito, wanda shi ma yana da nasa layin tantancewa.

A gefen horo, darasin ranar Asabar ya ci gaba, galibi da ɗaliban Jami'ar Bayero. Tun da sbuild, abin da muke haɗa ƙunshi da shi, yana sauko da kayan haɗi sabo fil a kowane zagaye, data na tafiya kamar ruwa a kwando, don haka aka girka apt-cacher-ng, mai adana abin da aka riga aka sauke, a kwamfutar ofis, kowa ya nuna wa apt ɗinsa (manhajar sauko da ƙunshi) wannan kwamfutar. Abin da aka sauke sau ɗaya ba a sake saye.

A baɗi, in Allah ya kai mu, kwamiti na son mai kula da ƙunshin ya nemi matsayin DM (Debian Maintainer), wanda bai kai na cikakken ma'aikacin Debian ba. Da shi zai riƙa ɗora sababbin sigogi da kansa idan wanda ya tsaya mana ya ba shi izini a kan wannan ƙunshi. Sai dai ranar da lambar SONAME ta sauya, ƙunshin zai koma layin NEW, kuma a nan sai an sake neman mai tsayawa. Muna kuma neman mutum na biyu da zai karɓi kula da shi tare da na farko. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa kafin babban taro.

Wassalam,
Kwamitin Fasaha