Laulayi mai tsanani ba raki ba ne

Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu yi magana kan laulayin da ya wuce misali, wanda a asibiti ake kira haifaremesis.

Yawancin masu ciki kan yi tashin zuciya, ya lafa da kansa. Wannan daban yake, yana kama mace 1 ko 2 cikin 100. Amai ba ƙaƙƙautawa, ko ruwa ba ya zama, ga gwangwanin tofar da yawu a gefen katifa. In mai kilo 60 ta zubar da kilo 3, ko fitsarinta ya ragu ya yi ja, ko ta kwana ta wuni ba abin da ya zauna mata, a kai ta asibiti a ranar. Abin takaici, sai ka ji uwar miji na cewa, "Raki ne, mu da muka haifi goma fa?" Alhali binciken da aka wallafa a 2023 ya danganta ciwon da sinadarin GDF15 da mabiyiya ke fitarwa.

Ina ruwan yara? Nazarce-nazarce a Amurka da Turai sun nuna 'ya'yan irin waɗannan mata sun ɗan fi fuskantar jinkirin magana, rashin natsuwa, fargaba da otizim (larurar da ke sa yaro wahalar mu'amala da mutane). Alaƙa ce aka gani, kuma mafi yawansu lafiya ƙalau suke tashi. Ana zargin yunwar da uwa ta sha lokacin da ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke ginuwa, da ciwon damuwa da kan bi ta har bayan wankan jego. Uwar da damuwa ta danne, da wuya ta yi wa jinjiri wasa da hira, su kuwa ke buɗe masa baki.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ƙarin ruwa a gida. A kira mai kemis, ya rataya ledar ruwan sukari a ƙusar bango. Aman makonni 2 zuwa 3 kan kwashe bitamin B1 na jiki, sukarin kuma sai ya cinye ɗan ragowar, ƙwaƙwalwar uwar ta taɓu: ruɗewa, rawar ido, tangaɗi. Ƙa'ida ita ce a fara da allurar B1, a sa ruwan gishiri na asibiti, a auna jini kafin a ƙara fotasiyam. A yi hoton ciki ko tagwaye ne, ko cikin nan mai ƙulli kamar inabi, a gwada maleriya da fitsari.

Maganin amai akwai wanda ba ya cutar da ciki, irin su prometazin da bitamin B6. Shi kuma maganin amai na metoklopramid, kada shansa ya wuce kwana 5. Ƙwayar ƙarin jini in tana tayar da zuciya ana iya dakatar da ita da izinin ma'aikaciyar awo, amma folik asid kam a ci gaba da sha. Yaron da ya kai shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, a kai shi asibitin Barau Dikko ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a duba shi.

Roƙonmu ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna: a ajiye allurar B1 a asibitocin sha-ka-tafi na mazaɓu 255, kusa da ledojin ƙarin ruwa.

Wasu ungozomomi da ma'aikatan jinya,
Kaduna